Abin da ruwa ke faɗi a zanen shimfiɗar ƙasa

Wajen shekarar 1831 wani dattijo mai zane a Japan, Katsushika Hokusai, yana da kimanin shekara 70 a duniya, ya fitar da jerin hotunan dutsen Fuji. Da farko 36 ne, da suka samu karɓuwa ya ƙara 10. A ɗaya daga cikinsu an hango dutsen daga mashigar Misaka, tafkin Kawaguchi na shimfiɗe a gindinsa, ga ɗan kwale-kwale a kan ruwa. Dutsen da ke sama na lokacin zafi ne, tsirara, jikinsa duk kwazazzabai, babu ko ɗigon ƙanƙara. Wanda ke cikin ruwa kuwa sumul yake, kansa lulluɓe da dusar ƙanƙara, kuma bai zauna daidai ƙarƙashin na saman ba, ya goce gefe guda.

Mutumin da ya haura shekara 50 yana riƙe da alƙalamin zane ya san sarai ruwa ba ya haka. Da gangan ya yi. Ya ba ƙasa dutsen da ido ke gani a ranar, ya ba ruwa dutsen da mutanen Japan ke ɗauke da shi a zuci, fari fat, cikakke, wanda suke girmamawa. Lokaci biyu a takarda ɗaya. Wannan hoton shi ya fi saurin fahimtar da mutum abin da nake son faɗa: a zanen shimfiɗar ƙasa, dutse da itace da gini suna tsaye ne a matsayin shaidu, amma ruwa shi ne wurin da mai zane ke samun damar yin magana da bakinsa. Ruwa ba shi da launin kansa, ba shi da siffar kansa. Duk abin da ka gani a kansa, wani ne ya zaɓa ya sa.

Kafin a kai ga ma'ana, sai an san halin ruwan. Idan ka tsaya a kansa ka dubi ƙasa sak, hasken da fuskar ruwa ke maido maka bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, sauran ya shige ciki. Shi ya sa a bakin gaɓa kake ganin yashi da tsakuwa da ƙananan kifaye. Kana ɗaga kai kana duban nesa, kason da ke dawowa yana ƙaruwa, har can kusa da ɗaya gaɓar ruwan ya koma madubi sosai. Masanin Faransa Augustin Fresnel ne ya fitar da lissafin wannan a shekarun 1820. Wanda ya taɓa leƙa rijiya ya ga fuskarsa tarwai zai ce to ina kashi 2 ɗin? Yana nan. Ƙasan rijiyar duhu ne, babu wani haske da ke tasowa daga ciki ya danne ɗan abin da ya dawo, sai fuskar ta fito. Ke nan ruwa mai duhu, mai zurfi, shi ya fi iya nuna sama.

Akwai wasu halaye biyu da masu koyon zane ke tuntuɓe a kansu. Na farko, inuwar da ke cikin ruwa ba hoton sama ba ne da aka kifar kawai. Ruwa yana kallon abu ne daga ƙasa, don haka yana nuna maka cikin gada da ƙarƙashin rassa, wuraren da kai da ke tsaye ba ka gani. Na biyu, da iska ta ɗan taɓa ruwa, inuwa takan miƙe ta yi tsawo zuwa wajen mai kallo, layukan da ke tsaye su tsira, waɗanda ke kwance su narke. Haka rana ko wata ke zama doguwar hanya ta haske a kan kogi.

Saboda haka duk mai zanen da ya fuskanci ruwa, abu uku ne a gabansa a wuri ɗaya: abin da ke ƙarƙashi, abin da ke yawo a kan fuskar, da abin da ke sama wanda ruwan ya aro. Ido ba ya iya tsayawa a kan ukun lokaci guda, sai ya saki ɗaya ya kama ɗaya. Mai zane ma dole ya zaɓa. A nan ma'ana take haihuwa.

Wannan ne ya sa ba na gamsuwa da irin bayanin da ke cewa ruwa kwance alamar salama ne, ruwa mai hargowa alamar fushi, kogi alamar tafiyar rayuwa, shi ke nan. Ba ƙarya ba ne, sai dai ya yi arha da yawa. Yana mayar da hoto jarabawar cike gurbi.

A Turai tsohon labarin da ake dangantawa da inuwar ruwa na gargaɗi ne. Girkawa da Rumawa sun ba da labarin wani saurayi, Narsisu, da ya ga surarsa a ruwa ya kamu da sonta, ya kasa tashi har ya mutu a wurin. Abin mamaki shi ne a 1435 masanin Italiya Leon Battista Alberti ya kira wannan saurayin wanda ya ƙago zane, domin a ganinsa zane ƙoƙari ne na rungumar abin da ke kan fuskar ruwa. Ka ga tun daga tushe masu wannan sana'a sun san suna aiki ne da abin da ke da kyau, yake kama da gaskiya, amma ba ya kamuwa a hannu.

Mu ma ba baƙin wannan tunanin ba ne. A Suratun Namli, aya ta 44, an ce wa sarauniyar Saba, wadda muka fi sani da Bilkisu, ta shiga fadar Annabi Sulaiman, ta zaci ruwa ne mai zurfi har ta kware ƙwaurinta, aka shaida mata daɓe ne na gilashi. A nan take ta amsa cewa ta zalunci kanta, ta miƙa wuya. Kuskuren ido ya zama ƙofar gane kuskuren zuciya. A Suratun Nur kuma, aya ta 39, ga kawalwalniya wadda mai ƙishirwa ke zaton ruwa ce. Magina Musulmi sun ɗauki ɗaya fuskar al'amarin. A fadar Alhambra da ke Garnaɗa ta Andalus, akwai wani tsakar gida na ƙarni na 14 mai doguwar kwatarniyar ruwa, tsawonta kimanin mita 34, kuma an tsara mashigar ruwan ta yadda zai riƙa silalowa a hankali don kada fuskar ta motsa. Hasumiya mai nauyi, mai kauri, sai ga ta a rataye cikin ruwa, iska kaɗan ta isa ta girgiza ta. Sarkin da ya zauna a wannan gida yana ganin mulkinsa sau biyu kullum, sau ɗaya a dutse, sau ɗaya a abin da ba shi da tabbas.

A zanen fenti, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara duban ruwa da idon basira a Turai, a iya abin da ya rage mana, shi ne Konrad Witz. A 1444 ya zana wa babbar majami'ar Jeniba labarin kamun kifin almajirai da ke cikin Linjila, sai ya ɗauke labarin daga tafkin Galili ya dasa shi a tafkin Jeniba, da duwatsun da mutanen garin ke gani kullum. Ana yawan ƙirga shi a matsayin hoton farko a Turai na wani wuri takamaimai da za a iya ganewa. Ku dubi ruwan: a gaba ana ganin duwatsun ƙasa, ƙafafun Bitrus, ɗaya daga cikin almajiran, da ke cikin ruwa sun karkace kamar yadda ruwa ke karkatar da abu, can baya kuma ga inuwar mutanen da ke cikin jirgi. Dukkan ukun nan da na ambata suna nan, shekara kusan 380 kafin Fresnel. Witz yana so mai kallo ya yarda da mu'ujiza, sai ya fara da ba shi ruwan da ba zai iya musantawa ba.

Bayan shekara 200, Nicolas Poussin ya zana hotuna biyu tagwaye a 1651, ɗaya na hadari, ɗaya na kwanciyar iska. A na biyun tafki ne a tsakiya, ya kwafe gine-gine da garke ba tare da ko ƙyaftawa ba, makiyayi na tsaye da awakinsa. A nan madubin yana nufin tsari, duniyar da komai ya zauna a mazauninsa. Sai dai mai hoton ya san akwai ɗan'uwansa na hadari, don haka natsuwar aro ce. Johannes Vermeer ya zana garinsu Delft na ƙasar Holan wajen 1660, 'yan shekaru bayan rumbun albarushi ya fashe a 1654 ya rushe wani babban yanki na garin. Ya tsaya a ƙetaren ruwa da safe, gajimare mai duhu a gaba, rana ta haska hasumiyar majami'a can ciki, inuwar ƙofofin gari ta miƙo cikin ruwa tana ɗan rawa. Garin na tsaye daram, inuwarsa kuwa ba ta daina motsi ba. Turner na Ingila, a 1839, ya nuna tsohon jirgin yaƙin da ya yi faɗan Trafalgar a 1805, fari kamar fatalwa, wani ƙaramin jirgi baƙi mai hayaƙi na jan sa zuwa inda za a farfasa shi, rana na faɗuwa ta zubar da ja a kan kogin Thames. Zamani ɗaya na jan gawar wani, ruwa ya ɗauki hoton su biyun bai bambanta ba.

A Sin kuwa, inda zanen duwatsu da ruwa ya kai matsayin da babu irinsa tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce, da wuya ka ga inuwa a cikin ruwa. Sau da yawa mai zane yakan bar takarda ko siliki fari, ya ɗora ɗan jirgin masunci a kai, farin nan ya zama kogi. Ma Yuan, mai zanen fadar daular Song a farkon ƙarni na 13, ya yi shafuka 12 waɗanda babu komai a cikinsu sai ruwa, kowanne da irin tafiyarsa: na Rawayen Kogi mai tumbatsa, na tafki da iska ke shafa, na raƙuman ruwa masu hawa kan juna. Layuka ne zalla. Abin da ya dame su shi ne yadda ruwa ke gudu, yadda yake bin ƙasa-ƙasa, ya kauce wa dutse yau ya cinye shi gobe. Madubi bai shiga lissafinsu ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ma'anar inuwar ruwa ba a cikin ruwan take ba, tana wurin mutanen da suka zaɓi su dube ta.

Wanda ya kai wannan al'amari ƙarshensa shi ne mai zanen Faransa Claude Monet, kuma a kansa nake son in daɗe.

An haife shi a 1840, ya tashi a Le Havre, garin tashar jiragen ruwa. A 1869 shi da abokinsa Renoir suka zauna a wani wurin shaƙatawa a bakin kogin Seine suna zana ruwa ɗaya. A nan suka daina shafe fenti ya yi sumul, suka koma ɗora shi gutsi-gutsi: shuɗi a nan, fari kusa da shi, baƙi-baƙi a ƙarƙashi, kowane shafi ɗaya na burushi yana tsaye a madadin gefen ƙaramar igiyar ruwa ɗaya. Ka matso kusa, ɗigo-ɗigon fenti ne. Ka ja da baya, ruwa na motsi. A 1872 ya zana fitowar rana a tashar Le Havre, hoton da aka nuna a 1874 da sunan Impression, wanda daga nan wani ɗan jarida ya laƙaba wa ƙungiyarsu ta masu zane suna Impressionists don ba'a, sunan kuma ya bi su. Hasken ranar a kan ruwa bai wuce 'yan shafe-shafe na ruwan lemo ba. A shekarun nan ya mallaki kwale-kwale mai ɗan ɗaki wanda ya mayar wurin aiki, domin ya zauna a kan ruwan, idonsa kusa da fuskarsa, inda inuwa ta fi ƙarfi.

A 1883 ya tare a ƙauyen Giverny, a 1890 ya sayi gidan, a 1893 ya sayi wani fili mai dausayi a ƙetaren layin dogo, ya nemi izinin karkato wani reshe na kogin Epte don ya haƙa kududdufi. Manoman wurin suka ƙi, suna tsoron baƙin tsirran da zai shuka su gurɓata ruwan da dabbobinsu ke sha, wanda mata ke wanki da shi. Hukuma ta ba shi izini daga baya. Ya sa aka kafa gada irin ta Japan, ƙasar da yake tara hotunanta har fiye da 200 a gidansa, ya sayo irin bado masu launi daga wani mai renon tsirrai da ya gauraya iri ya samo ja da rawaya masu jure sanyi. Dangin badon nan ne da ke rufe tafkunanmu bayan damina, mai faffaɗan ganye kwance a kan ruwa da fure a tsaye.

Abin da ya biyo baya shi ne labarin yadda mutum ya riƙa sauke kansa a hankali. A hotunan 1899 komai na nan: gada a tsakiya, itatuwa a baya, ruwa a ƙasa. Mai kallo ya san inda yake tsaye. Daga 1903 gadar ta fita, gaɓar ta koma wani siririn layi a can saman hoto. Bayan 'yan shekaru layin ma ya ɓace. Babu ƙasa, babu sararin sama, babu inda sama ta haɗu da ƙasa. Ruwa ne daga wannan gefe zuwa wancan. Amma sama tana nan, da gajimare, da dogayen itatuwa, dukkansu a kife cikin ruwa. A hotunan 1907, waɗanda ya yi su a tsaye, hasken yamma yana gangarowa tsakanin inuwar itatuwa biyu kamar wani kogi a cikin kududdufin, ganyen bado na ratsa shi a kwance.

A nan amfanin badon yake. Ba don shi ba, da hoton ya zama sama ce kawai a kife. Ganyen shi ke gaya wa ido ga inda fuskar ruwa take, kuma da yake ganyen na ƙanƙancewa yayin da yake nisa, shi ke nuna shimfiɗar ruwan. Inuwar itatuwa tana jan ido ƙasa, ganye yana jan sa gaba, duhun da ke tsakaninsu yana jan sa ciki, inda ciyawar ƙarƙashin ruwa ke kaɗawa. Ido ba ya samun wurin zama. Abin da ke faruwa da kai a bakin ruwa na gaske, wato sakin ɗaya ka kama ɗaya, shi ne Monet ya gina a cikin hoto.

Aikin ya wahalar da shi. A 1908 ya lalata hotuna da dama da hannunsa ana gab da nuna su, aka ɗage baje kolin. A wata wasiƙa ta watan Agustan shekarar ya gaya wa abokinsa Gustave Geffroy cewa hotunan nan na ruwa da inuwa sun zame masa abin da ya kasa fita daga ransa, sun fi ƙarfin tsoho, amma yana so ya kai ga nuna abin da yake ji. A 1909 aka nuna guda 48 a Paris, jama'a suka yaba ƙwarai. Kafin rasuwarsa hotunan badon sun kai kimanin 250.

Sai baƙin ciki ya shigo a jere. Matarsa Alice ta rasu a 1911. A 1912 likita ya tabbatar masa cewa yanar ido ta kama idanunsa biyu. Babban ɗansa Jean ya rasu a farkon 1914, watanni kaɗan bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ƙaramin ɗansa Michel ya tafi fagen daga. Tsoho mai shekara 74, ido na dushewa, maƙwabta na gudu, shi kuwa ya ƙi barin Giverny, ya gina wani ƙaton ɗakin aiki a 1915 ya shiga zana kududdufinsa a kan ƙyallaye masu tsayin mita 2. Faransa ta rasa sojoji kusan miliyan 1.4 a yaƙin. Washegarin tsagaita wuta na 11 ga Nuwamban 1918 ya rubuta wa amininsa Georges Clemenceau, firaministan ƙasar, cewa yana so ya ba Faransa kyautar hotuna. Wannan kyauta ce ta girma ta zama ɗakuna biyu masu siffar ƙwai a gidan Orangerie da ke tsakiyar Paris: hotuna 8 da aka haɗa daga ƙyallaye 22, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 91, mafi tsawo a ciki mita 17. An buɗe su a watan Mayun 1927, shi kuwa ya rasu a Disamban 1926.

A tsaya a yi tunanin wannan kyautar. Ƙasashe sukan tuna yaƙi da gunkin soja, da doki, da jerin sunaye a jikin dutse. Monet ya ba mutanen da kusan kowane gida ya yi rashi ɗakin da babu mutum ko ɗaya a bangonsa, babu tuta, babu ƙasar da za a ce tawa ce ko taka ce. Ka shiga, ruwa ya kewaye ka ta ko'ina, safiya a gefen gabas, faɗuwar rana a gefen yamma. A ɗaki na biyu akwai kututturan itatuwan bakin ruwa masu rassa zube, irin waɗanda Turawa suka daɗe suna dangantawa da makoki, an yanke su sama da ƙasa, ba ka ganin saiwa ba ka ganin kai. Akwai kuma bango guda mai duhu ƙwarai, shuɗi da shunayya, wanda inuwar itatuwa ce kawai, itatuwan kansu ba sa cikin hoton. A ganina wannan bangon shi ne zuciyar aikin duka. Ka ga alamar abu, ka tabbata yana nan ko ya taɓa kasancewa, amma ka waiwaya babu shi. Duk wanda ya binne nasa ya san wannan yanayin.

Akwai masu ja da irin wannan fassara, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa Monet mutumin ido ne, bai taɓa zama ya ce bado na nufin kaza, inuwa na nufin kaza ba, abin da ya dame shi haske ne da sa'a da launi. Wasu ma suna ƙarawa da cewa narkewar siffofi a hotunansa na ƙarshe ciwon ido ne kawai. Gaskiya ne yanar ta taɓa aikinsa: hotunan gadar da ya yi wajen 1922 sun rine da ja da ruwan ƙasa, har da kyar ake gane gadar, domin yanar ido tana tare shuɗi ta bar ja da rawaya. An yi masa aiki a ido ɗaya a 1923, da matsin Clemenceau wanda shi ma likita ne tun asali, daga nan ya yi ta kukan cewa komai ya koma masa shuɗi. Sai dai gaɓa ta fita daga hotunansa shekaru kafin a gano ciwon. Shawara ce ya yanke da lafiyayyen ido. Batun cewa bai yi nufin alama ba kuwa, na yarda bai yi aiki da alamomi irin na littafi ba. Amma mutumin da ya cire ƙasa daga ƙarƙashin ƙafar mai kallo, ya tsara ɗakin da kansa, ya miƙa shi ga ƙasarsa washegarin ƙarewar yaƙi, ya faɗi magana, ko da bai sa ta a baki ba. Tun 1909 marubuci Roger Marx ya ruwaito burinsa na ɗaki da ruwa zai kewaye, marar gaɓa, inda wanda aiki ya gajiyar zai samu mafaka.

Mutanen 1927 ba su karɓi kyautar da hannu biyu ba. Yayi ya wuce wurin, matasan masu zane na ganin aikin tsoho ne mai ciwon ido, ɗakunan suka yi shekaru kusan babu kowa. A 1944, lokacin ƙwato Paris, harsasan igwa suka faɗa ginin suka taɓa wasu daga cikin hotunan. Sai a shekarun 1950, da masu zane a Amurka suka fara yin manyan hotuna marasa tsakiya marasa gefe, aka waiwayo aka ga ashe tsohon ya riga su. A shekarun 1960 kuma aka gina bene a kan ɗakunan, aka toshe hasken rana da shi Monet ya tsara aikin a kansa. Haka suka zauna har gyaran da aka yi daga 2000 zuwa 2006, aka rushe benen, hasken sama ya dawo.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai kallon waɗannan hotuna ya sani shi ne madubin nan gina shi aka yi, kuma da guminsa ake riƙe shi. Monet yana da ma'aikatan lambu da dama, ɗaya daga cikinsu aikinsa shi ne ya shiga kwale-kwale da sassafe ya kwashe gansakuka da busassun ganye, ya wanke ƙurar da ta sauka a kan bado, ya rage shi idan ya yaɗu, don a bar fili tsakanin tsibiran ganye inda sama za ta samu wurin sauka. Ƙurar hanyar da ke wucewa kusa ta dame shi har ya ba da kuɗi aka zuba mata kwalta. Bado in an ƙyale shi rufe ruwa yake yi gaba ɗaya, inuwa ta ɓace. Haka kuwa aka yi bayan rasuwarsa da ta waɗanda suka gaje shi: lambun ya koma daji, gadar ta ruɓe, laka ta cike kududdufin. Michel ya bar wa cibiyar fasaha ta Faransa gidan a 1966, aka sake haƙa kududdufin, aka kafa sabuwar gada, da taimakon kuɗi mai yawa daga Amurkawa, aka buɗe wa jama'a a 1980. Masu gyaran sun dogara da tsofaffin hotunan kyamara, da shaidar waɗanda suka san lambun, da zanen Monet kansa, wajen mayar da ruwan yadda yake a da.